Kocin ƙwallon kwando a kakar sake gini: ta yaya ake gane yaransa na ci gaba?

Jami'o'i sama da 350 ne ke buga ƙwallon kwando a rukunin farko na hukumar NCAA a Amurka, kuma kowace shekara da dama daga cikinsu kan shiga kaka da sabon koci, da yaran da ba su san juna ba, da magoya bayan da haƙurinsu bai taka kara ya karya ba. Kafin Janairu ya ƙare an rabu gida biyu, masu cewa a sallame shi da masu cewa a ba shi lokaci. Mafi yawan lokaci dukansu allon maki kawai suke kallo. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu.

Wane hali ƙungiya ke shiga har a ce tana sake gini?

Ko dai manyan 'yan wasanta sun kammala karatu lokaci guda, ko sun tafi NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ko an kori koci yaransa suka watse, ko kuma hukunci ya hau kan makarantar. Mafi munin misali shi ne na Jami'ar Indiyana a 2008. Kelvin Sampson ya ajiye aiki a watan Fabrairu saboda karya dokar kiran yaran sakandare a waya, aka ɗauko Tom Crean daga Marquette. Lokacin da ƙura ta lafa, 'yan wasa biyu kacal suka rage daga tsohuwar ƙungiya, su ma ba waɗanda ake yawan sakawa a fili ba ne. A kakar farko sun ci wasa 6, an cinye su 25. Wannan makaranta ce mai kofin ƙasa biyar a ɗakinta.

Idan ana ta cinye ƙungiya, ai koci ya gaza ke nan, ko ba haka ba?

Ba lallai ba ne. Mike Krzyzewski ya karɓi Duke a 1980. A kakarsa ta biyu ya ci 10 aka cinye shi 17, ta uku ya ci 11 aka cinye shi 17, aka rufe masa ita da dukan kawo wuƙa a hannun Virginia, 109 da 66. Masu ba makarantar kuɗi suka taso sai an kore shi. Shugaban sashen wasanni, Tom Butters, ya ƙi, har ma ya tsawaita masa kwantiragi a 1984. Yaran da aka yi wa wancan dukan suna ajin farko, irin su Johnny Dawkins da Mark Alarie da Jay Bilas da David Henderson, su ne suka ci wasa 37 a 1986 suka je wasan ƙarshe na ƙasa.

Amma a yi hattara da wannan labari, domin duk kocin da ruwa ya kusa cinyewa shi yake janyowa. A kan Krzyzewski guda ɗaya akwai kociyoyi da yawa da aka yi wa haƙuri shekara huɗu ba a ga komai ba. Shan kashi ba hujjar gazawa ba ce, ba kuma hujjar cewa ana gini ba ce. Abin da yake nunawa kawai shi ne ƙungiyar ba ta da ƙarfi yau, wanda kowa ya riga ya sani tun kafin a fara kaka.

To me za a duba?

A ɗauki yaro guda, a kalli wasansa na Nuwamba, sannan a kalli na Fabrairu. Tambayar ɗaya ce: akwai abin da yake yi yanzu wanda bai iya ba a da? Ba abin da yake yi da yawa ba, abin da bai iya ba sam. Mai raba ƙwallo da a Nuwamba da an matsa masa ta hagu sai ya tsaya cak ya rungume ƙwallo, shin a Fabrairu yana iya kutsawa da hannun hagun? Dogon da ke ƙarƙashin kwando, wanda da mutum biyu sun rufe shi sai ya yi jifan ganganci, yanzu yana ɗaga kai ya ga abokinsa da aka bari a kusurwa?

A alƙaluma kuma, abubuwa huɗu da masani Dean Oliver ya fito da su sun fi jimillar maki faɗin gaskiya: ingancin jifa, yawan asarar ƙwallo, cafke ƙwallon da ta ƙi shiga kwando, da samun jifan kyauta idan an yi wa ɗan wasa keta. A ƙungiyar yara ƙanana ni asarar ƙwallo nake fara dubawa. Jifa yana da ranar sa'a da ranar tsiya, amma yaron da ke zubar da ƙwallo sau biyar a wasa ba sa'a ce ta ƙi shi ba, bai san inda abokansa za su tsaya ba ne. Wannan kuwa aikin atisaye ne tsantsa. Idan wata uku suka wuce adadin bai sauka ba, ana iya tuhumar koci kai tsaye.

Sai dai a tuna jadawali ba ɗaya ba ne. A Nuwamba da Disamba manyan makarantu kan gayyato ƙananan ƙungiyoyi gida, har da biyan su kuɗi, su lallasa su. Daga Janairu ake shiga wasannin rukuni da tsararraki, wato makarantun da ke gasa ɗaya kowace shekara. Yaron da alƙalumansa na Fabrairu suka yi daidai da na Nuwamba, a gaskiya ya ci gaba, tunda abokan karawar sun fi ƙarfi. Shafin KenPom na Ken Pomeroy ya yi suna ne saboda wannan gyaran: yana lissafa makin da ƙungiya ke ci da wanda ake cin ta a kowane hari 100, sannan ya daidaita shi da ƙarfin waɗanda aka kara da su. Ƙungiya na iya ƙare kaka da nasarori iri ɗaya da na bara, alhali ta hau matakai da yawa a wannan jerin. Indiyana ma a kakar Crean ta uku ta ci wasa 3 ne kawai a rukunin Big Ten, ƙasa da 4 na shekarar da ta gabata. Wanda ya tsaya a nan zai ce baya aka koma. Shekara ɗaya bayan haka suka ci wasa 27, ciki har da doke Kentucky mai lamba ɗaya a ƙasar, 73 da 72, da jifan Christian Watford a daƙiƙar ƙarshe. Watford da Jordan Hulls suna cikin waɗanda suka sha wuyar shekarun baya.

Ɗan wasanmu ya tashi daga maki 4 zuwa 12 a kowane wasa. Wannan ba ci gaba ba ne?

Minti nawa yake bugawa? Wasan jami'a minti 40 ne. Idan bara yana buga minti 10 ya ci 4, bana yana buga 30 ya ci 12, to ko taki ɗaya bai matsa ba, duka biyun maki 16 ne a minti 40. Lokaci aka ƙara masa saboda babu wani. A ƙungiyar da ta rushe dole wani ya riƙa jifa, kuma wanda ke jifa sau 15 a wasa zai tara maki ko da rabinsu ba sa taɓa ƙarfen kwando. Shi ya sa mai cin maki a raunanniyar ƙungiya kan koma babbar makaranta a neme shi a rasa.

Ci gaba na gaske shi ne a ɗora wa yaro nauyi, ingancinsa kuma bai faɗi ba. Adama Sanogo, ɗan Mali da ya buga wa Jami'ar Connecticut (UConn) ƙarƙashin koci Dan Hurley, ya tashi daga maki 7 da ɗoriya a shekarar farko zuwa kusan 15, sannan 17, kuma a shekara ta uku kashi 60 cikin 100 na jifansa na shiga. A 2023 shi aka ba kyautar gwarzon wasannin ƙarshe, yana cikin azumin Ramadan. Hurley kuwa kakarsa ta farko a can, 2018 zuwa 2019, ya ci 16 an cinye shi 17.

Jifan maki uku fa? Shi ne aka fi kawowa hujja.

Shi ne kuma ya fi yaudara. Victor Oladipo, wanda mahaifiyarsa 'yar Najeriya ce, ya zo Indiyana a 2010 ba ya cikin yara 100 da ake ji da su a ƙasar. A shekararsa ta biyu ya jefa 48 daga bayan layin maki uku, 10 suka shiga, kashi 20.8 ke nan. A ta uku ya jefa 68, 30 suka shiga, kashi 44.1. Ƙungiyar Orlando ta ɗauke shi na biyu a zaɓen sababbin 'yan wasa na NBA na 2013.

Ba shakka ya gyara jifansa, duk wanda ya kalli wasannin ya ga haka. Amma jifa 68 kaɗan ne ƙwarai. Da guda shida sun kauce, da ya sauko kusan kashi 35. A shekararsa ta farko a NBA, inda layin ya fi nisa, bai kai kashi 33 ba. Saboda haka idan aka ce maka yaro ya gyara jifa, nemi adadin da ya jefa, ka duba jifansa na kyauta, wanda babu mai tare shi kuma nisan ba ya canzawa, sannan ka duba ko abokan hamayya sun fara fitowa su tare shi. Wannan na ƙarshen ya fi komai. Kociyoyin da ke kwana kallon bidiyonsa ba za su ɓata mai tsaro a kan wanda ba sa tsoro ba. Kuma kada a kwatanta alƙaluman kafin 2019 da na bayanta kai tsaye, domin a shekarar aka matsar da layin zuwa mita 6.75.

Yaro ɗan shekara 18 ai zai girma ko da koci ko babu. Ta ina ake gane hannun koci?

Wannan ita ce tambayar da ta fi wuya, kuma duk wanda ya ce yana da ma'auni tsayayye a kanta ya cika baki. Yaro kan ƙara ƙarfi da nauyi tsakanin shekara 18 da 21 ko a wace makaranta yake. Dokar NCAA ma ta taƙaita lokacin koci: awa 20 a mako lokacin kaka, awa 8 a mako na tsawon mako takwas a hutun bazara, kuma a cikin takwas ɗin wani ɓangare ne kawai na koyar da ƙwallo. Sauran lokacin yaro na hannun kansa ne, ko mai horar da shi na gefe.

Labarin Hakeem Olajuwon ya isa misali. Ya taso daga Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, bai daɗe da fara wasan ba, don ƙwallon ƙafa da ƙwallon hannu ya fara yi. Bai buga shekarar farko ba. A ta biyu daga benci yake shigowa, yana cin maki 8, keta na yawan fitar da shi. A hutun 1982 ya riƙa zuwa filin Fonde a Houston yana gwabzawa da Moses Malone, wanda a lokacin shi ne gwarzon NBA. Ya dawo wani mutum daban, har ya zama na ɗaya a zaɓen 1984. Wa za a yaba wa, koci Guy Lewis ko Malone? Ko shi Hakeem ɗin da ya jure duka bai gudu ba?

Abin da zan iya cewa shi ne, yaro ɗaya ba ya zama shaida. A duba na shida da na bakwai da na takwas a jerin ƙungiya. Tauraro zai haska ko a hannun wa yake. Idan kuwa yara huɗu ko biyar, masu baiwa daban-daban, duk suka gyara abu iri ɗaya, misali tsayuwar ƙafa wajen tsaro ko daina tsalle da an yi musu wayon jifa, to daga wuri ɗaya suka koyo shi.

Akwai abin da ido zai gani wanda takardar alƙaluma ba ta nunawa?

Tsaro kusan gaba ɗayansa. Wata rana ka daina bin ƙwallo da ido na minti biyar, ka kafa wa yaro ɗaya ido a ɓangaren da babu ƙwallo. Yana nuna abokin karawarsa da hannu ɗaya, ƙwallo da ɗayan? Bakinsa na motsi, yana sanar da abokinsa cewa ga shinge nan an kafa masa a baya? Idan aka wuce abokinsa, yana matsowa tun kafin mai ƙwallo ya iso fenti, wato filin da ke ƙarƙashin kwando, ko sai an zura ya ɗaga hannu yana neman mai laifi? Da ƙwallo ta tashi sama, yana juyawa ya sa bayansa a jikin wani, ko yana tsaye baki buɗe yana kallon ta?

Crean yana da wata al'ada da aka san shi da ita: ma'aikatansa na ƙirga duk lokacin da ɗan wasa ya taɓa ƙwallon abokan hamayya ko da bai ƙwace ta ba. Ba ta fitowa a alƙaluman hukuma, amma ita ce ke nuna wanda hannunsa da hankalinsa ke farke. Oladipo a nan ya fara yin suna kafin jifansa ya zo.

Sai kuma abin da ke faruwa bayan hutun da koci ya nema. Ya tara su, ya zana musu hari a allo. Sun fito sun yi abin da ya zana, ko da ƙwallon ba ta shiga ba? Ƙungiyar da ake cin ta da tazarar 20 saura minti huɗu amma har yanzu tana bin tsari, tana sauraron kocinta ke nan.

Ya kamata koci ya zuba sababbin yara kawai tunda kakar ta riga ta lalace?

A'a. Mintin da aka bayar kyauta ba ya koyar da komai sai mugun hali. Jay Wright ya ajiye Mikal Bridges a gefe kaka guda cur a Villanova, 2014 zuwa 2015, yana atisaye da ɗaga ƙarfe ba ya buga wasa. Bridges ya ci kofin ƙasa biyu, 2016 da 2018, aka ɗauke shi na 10 a NBA. Abin zargi shi ne kocin da ke cire yaro da kuskuren farko kullum, har ya zama yana wasa yana waiwayen benci.

Yanzu da yara ke sauya makaranta yadda suka ga dama, wannan maganar tana da sauran amfani?

Ta ragu, ba ta mutu ba. An buɗe rajistar masu sauya sheƙa a 2018. A 2021 aka cire sharaɗin zaman shekara guda ga mai sauyawa karo na farko, a shekarar kuma aka halatta wa 'yan wasa karɓar kuɗi da sunansu da hotonsu. Daga 2025 makarantu da kansu ke biyan su. Tony Bennett, wanda ya gina Virginia a hankali daga 2009 har ya ci kofi a 2019, ya ajiye aiki a Oktoban 2024 yana cewa bai dace da sabon yanayin ba.

Sakamakon shi ne ana iya tayar da ƙungiya cikin wata biyu. Louisville ta ci wasa 4 sannan 8 a shekaru biyun Kenny Payne. Pat Kelsey ya zo a 2024, ya haɗo sabuwar ƙungiya kusan kacokan daga wasu makarantu, ya ci 27. Aiki ne babba, amma gwanintar zaɓe da haɗa mutane ce, ba renon ɗan wasa ba, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Ana iya renon wanda aka ɗauko daga wani wuri. Davion Mitchell ya bar Auburn ya koma Baylor, ya zauna shekara guda, jifansa na maki uku a Baylor ya tashi daga kashi 32 zuwa kusan 45, suka doke Gonzaga 86 da 70 a wasan ƙarshe na 2021. Ma'aunin a nan mai sauƙi ne: kwatanta shi da yadda yake a tsohuwar makarantarsa, ba da wanda ya maye gurbinsa ba.

Idan yara suna barin ƙungiya bayan kaka, laifin koci ne?

Ya danganta da wanda ya tafi da inda ya nufa. Wanda bai samu fili ba ya koma ƙaramar makaranta, wannan ba komai. Wanda babbar makaranta ta saye da kuɗi, shaida ce ma cewa an rene shi da kyau, ko da yake magoya baya ba za su ji daɗin jin haka ba. Abin tsoro shi ne yaran da ke buga minti 25 su tafi makaranta tsarar taku, su kuma fi yin kyau a can. Idan haka ta faru sau biyu ko uku, babu sauran uzuri.

Yawan waɗanda koci ya tura NBA ba ma'auni ba ne?

Rabi-rabi. Mutum 60 ake zaɓa a shekara, wasunsu ma ba daga jami'a ba. Yaron da tun yana sakandare aka san na farko ne, ya yi wata bakwai a makaranta don cika sharaɗin shekara 19 ya wuce, ba koci ne ya yi shi ba. A tambayi matsayin yaro ranar da ya shigo.

Shekara nawa ya kamata a ba koci?

Scott Drew ya karɓi Baylor a 2003 bayan wani ɗan wasa ya kashe abokin wasansa kuma asirin tsohon koci ya tonu. A kakarsa ta uku an hana su buga duk wani wasa da ba na rukuninsu ba, suka ci 4 cikin 17. Sai a ta biyar ya kai su gasar ƙasa, kofi kuma sai a ta 18. Yau da wuya a sami makarantar da za ta jira haka, kuma a gaskiya babu dalilin jira mai tsawo tunda ƙofar ɗauko ƙwararru a buɗe take.

A ganina shekarar farko ba ta hukunci ba ce, sai dai idan yara sun daina sauraro. A ƙarshen ta biyu dole a iya kiran sunan mutum uku a faɗi abin da kowannensu ya koya. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A ta uku ya kamata abin ya fara bayyana a allon maki. Kuma iya reno ba ya nufin iya komai: Crean ya ci Big Ten a 2013 da 2016, bai taɓa wuce zagayen 'yan 16 da Indiyana ba, aka sallame shi a Maris na 2017.

Ɗana ya samu tayin tallafin karatu daga makarantar da ke sake gini. Me zan tambayi kocin?

Irin wannan makaranta tana da amfani ga yaron da ya fito daga Afirka bai daɗe da fara wasa ba, domin zai samu fili da wuri. Hanya ce da aka daɗe ana bi: Masai Ujiri daga Zariya ya tashi ya je ƙaramar kwalejin Bismarck, Pascal Siakam na Kamaru kuma a New Mexico State ya zauna shekara guda kafin ya fara bugawa.

Ka ce ya faɗa maka abu biyu da yaron bai iya ba, da yadda zai koya masa su. Wanda ya tsaya yabo kawai bai kalli bidiyonsa da kyau ba. Ka tambayi wane mataimaki ne zai riƙa aiki da shi kullum, domin sau da yawa mataimaka ne ke yin renon, kuma su ne ke saurin barin aiki. Ka tambayi shekarun da suka rage a kwantiragin kocin kansa. Ka nemi sanin yaran da ya ɗauka shekara uku da suka wuce, nawa ne ke nan, nawa suka kammala digiri. Maganar kuɗi kuma a bi ta a hankali: bizar ɗalibi tana da tsauraran sharuɗɗa kan samun kuɗi a cikin Amurka, don haka duk alkawarin da aka yi a sa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantar ya tabbatar da shi a rubuce kafin yaro ya sa hannu.